Yadda za ka kula da Can-Am Spyder RT da hannunka, ka kuma gyara masa ƙafa

Mai Spyder RT, babur mai taya uku, da ya fara jin babur ɗinsa na rangaji a kwana, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne sayen sababbin shokazoba. Su ne mafi tsada a duk kayan ƙafa, kuma sau da yawa laifin ba nasu ba ne. Iskar taya da ba ta daidaita ba, ko 'yar sandar roba da ta yi sako-sako, ko tayoyin gaba da ba sa kallon inda ta baya ke turawa, kowanne na iya kawo wannan rangajin. Shi ya sa na jero aikin nan daga mai araha zuwa mai tsada. A bi shi a haka, kuma kada a taɓa abu biyu a rana ɗaya, domin in an canja uku tare aka ji sauƙi, ba a san wanda ya yi maganin ba, in kuma abin ya ƙara lalacewa ba a san wanda za a kama ba.

Spyder ƙirar kamfanin BRP ne na ƙasar Kanada, wanda ke garin Valcourt. An fara nuna shi a 2007, sannan samfurin RT na doguwar tafiya ya biyo baya a 2010. Bayanin nan ya fi dacewa da RT na 2014 zuwa 2019, mai injin Rotax 1330 mai silinda uku da giya shida. Na kafin nan injinsa 998 ne mai silinda biyu, kuma yadda ake auna mai da wuraren wasu notuka sun bambanta, saboda haka mai irinsa ya riƙe littafinsa da kyau.

Tsarinsa akasin na adaidaita sahu ne: taya biyu a gaba, ɗaya mai faɗi a baya. Ba ya kwanciya a kwana irin na babur mai taya biyu. In ka karya kwana, nauyinsa, wanda ya kusa kilo 460 tun kafin a zuba mai ko a ɗora kaya, sai ya tafi kan tayar gaba ta waje, ta ciki kuma ta yi sauƙi. Akwai kwamfutar da ake kira VSS, wadda aka haɗa tare da kamfanin Bosch, da zarar ta ji tayar ciki na neman barin ƙasa sai ta rage wuta ko ta taɓa birki da kanta. Duk wanda ya ji babur ya shaƙe masa a tsakiyar kwana, ita ce. Gyaran ƙafa mai kyau ba ya kashe ta. Yana rage karkatar jiki ne har ta daina samun dalilin sa baki.

Kayan aiki da ɗaga babur

Kana buƙatar soket na milimita, har da mai lamba 36, da alanki, da irin makullan nan masu bakin tauraro, domin kusan duk robobin jikinsa da su aka ɗaure. Ka samu gejin taya mai nuna rabin psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya), da tef na awo, da jak mai kwanciya ƙasa sosai, da matokaran ƙarfe aƙalla biyu. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Notukan juyen mai a jikin alminiyom suke zaune, kuma hannun da ya saba da ɗaurin babbar mota zai cinye haƙoransu cikin daƙiƙa. Ƙarfin ɗaurin kowane noti yana cikin littafin gyara na shekarar babur ɗinka. Ka nemo shi kafin ka kwance komai.

Wurin aiki ya zama daɓen siminti mai lebur. Ka sa birkin ajiya, ka tokare tayar baya gaba da baya. Jak a ƙarƙashin babban ƙarfen firam na tsakiya yake zama, ba a ƙarƙashin injin ba, ba kuma a kan roba ba. Da ya tashi sai matokarai su karɓi nauyin. Mutum ba ya tura kansa ko hannunsa ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi, kuma bulon siminti ba matokari ba ne, yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba.

Ka tanadi ƙananan gwangwanaye ko kwalin ƙwai don notuka, kowace roba da nata. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. Robobin RT a jere suke hawa juna, madubi ne ke fara fita sannan sauran, kuma mayar da su ya fi cire su wuya.

Mataki na farko: taya da batir

Da safe ake auna iska, kafin babur ya motsa. A wannan samfurin, da tayoyin Kenda da ya zo da su, kamfani ya ce psi 20 a gaba, 28 a baya, amma ka tabbatar da takardar da ke manne a jikin naka. Abin da mutane ke rainawa shi ne daidaiton tayoyin gaba biyu: bambancinsu kada ya wuce rabin psi. In ɗaya ta fi ɗaya, babur zai riƙa ja gefe, kai kuma ka riƙa kokawa da shi kana zargin shokazoba. Mai faci da ya saba da mota zai cika maka 32 ko 35 in ba ka tsaya a kansa ba, sai ka ji gaban na tsalle a kan ƙaramin tsakuwa.

Ka shafa tafin hannunka a kan tayoyin gaba, daga ciki zuwa waje, ka dawo. In gefe guda ya fi cinyewa, ko ka ji haƙoran sun yi kaifi ta fuska ɗaya, alaimen, wato saitin inda tayoyin ke kallo, ya kauce. Ka rubuta wannan ka ajiye, za mu zo kansa a ƙarshe. Ta baya kuwa a tsakiya take fara cinyewa, don haka kada gefunanta su ruɗe ka.

Girmansu 165/55 R15 a gaba, 225/50 R15 a baya. Masu Spyder da yawa a Amurka da Kanada suna sa tayar mota maimakon Kenda saboda ta fi daɗewa kuma ta fi kama ƙasa, ko da yake kamfanin bai amince da hakan ba. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya, kada ya yi nisa da girman asali. Kwamfutar tana kwatanta saurin juyawar tayoyin uku ne, in tsayin ɗaya ya canja sosai lissafinta zai rikice.

Batir yana gaba, a bayan wani murfi cikin but. Ka kankare kawunansa, ka ɗaure su tam. Spyder ba ya jure raunin wuta: batir mai rauni ko kan da ya yi sako-sako yana kunna fitilun gargaɗi barkatai, ya sa sitiyari ya yi nauyi, har ya hana injin buɗe wuta. Kafin ka tsorata da abin da allo ya rubuta, fara da nan.

Mataki na biyu: juyen baƙin mai

Injin 1330 ana yi masa juye duk kilomita 15,000 ko shekara guda, wanda ya riga zuwa. Wanda ke tafiya cikin ƙura da zafi, ko yake yawan gajerun zirga-zirga, ya rage wannan tazarar, ba asara ba ce. Man 5W-40 ne na babur, mai alamar JASO MA2 a jikin galan. Man mota ba ya yi, saboda kulocin cikin mai yake wanka, kuma sinadarin santsi da ke cikin man mota zai sa ya riƙa zamewa.

Ka ɗan zaga da babur har mai ya yi zafi, ka dawo ka cire robobin gefen dama da na ƙasa. Notin juye biyu ne, ba ɗaya ba: na injin, da na ɓangaren kuloci mai maganaɗisu. Ɗaya bakin tauraro ne, ɗaya alanki, kuma sun yi kama da juna a ido. A nan ake yawan ɓarna. Ka goge ramin kan notin da tsinke har ƙasa, ka gwada makullin ka ji ya zauna daram, ka ɗan buga shi da guduma ya shige, sannan ka murɗa. In kan ya cinye, aikin awa ɗaya ya zama na yini biyu.

Ka duba maganaɗisun. Laushin baƙin gari kaɗan ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka iya ji a yatsa, wannan magana ce ta babban bakanike. Filta tana sama ta dama cikin gida mai murfi, soket 36 ke buɗe shi. Ka canja ta tare da zobban robarta, ka shafa musu sabon mai kafin ka mayar. Wosha da zobban notukan juye ma sababbi ake sawa, galibi tare ake sayar da su da filtar.

Yana cin kimanin lita 4.7. Ka zuba huɗu da rabi tukuna, ka tayar, ka duba ko akwai ɗiga. Awon gaskiya kuwa yana da ƙa'idarsa, domin man wannan injin ba ya kwana a gindinsa irin na mota, famfo ne ke kwashe shi zuwa ma'ajinsa. In ka auna da sanyi sandar awon mai za ta nuna maka babu mai, ka ƙara, ka cika shi fiye da kima. Yadda littafin ya ce: ka yi tafiyar kilomita 15, ka tsaya a wuri mai lebur, ka bar shi yana aiki a tsaye minti goma, ka kashe, ka auna cikin minti biyu. Sandar tana ƙarƙashin kujera. Sai a lokacin za ka cike abin da ya rage, kaɗan-kaɗan.

Mai giyar SE6, wadda ake canjawa da yatsa ba tare da kama kuloci ba, yana da wata filta ta biyu ta na'urar canja giya, ita sai kilomita 45,000. Bawul ɗin wannan injin ba a yi masa saiti, da kansa yake daidaitawa. Tunda robobi a cire suke, ka leƙa filtar iska da ruwan lagireto, ka kuma wanke ƙwari da ciyayin da suka toshe fuskar lagireton da ruwa mara ƙarfi.

Mataki na uku: bel da sifaket

Ba sarƙa ke jan tayar baya ba, bel ne mai haƙora. Ba a sa masa mai ko giris. Ka ɗaga baya, ka juya taya a hankali, ka bi bel ɗin kaf kana neman tsaga, ko haƙorin da ya ɓalle, ko tsakuwar da ta nutse. Tsakuwa ita ce babbar abokiyar gabansa, shi ya sa duk wanda ya bi hanyar burji ya kamata ya duba da ya dawo.

Sai zamansa a kan sifaket na baya. Tsakanin bel da leɓen sifaket na ciki a samu 'yar tazara, daga milimita 1 zuwa 5. Ka duba bayan ka tura babur gaba, domin in ka yi ribas bel yakan gusa gefe, ya ba ka awon ƙarya. In yana gugar leɓen, ko ya yi waje da yawa, sai ka sassauta babban notin aksul, ka juya notukan saiti da ke ƙarshen hannun da ke riƙe da tayar. Kwatan juyi ya isa a kowane karo. Ka juya taya gaba sau da yawa ka ga inda bel ya zauna, sannan ka ƙara. Lokacin ɗaure aksul saitin yakan ɗan motsa, don haka ka sake dubawa bayan ka ɗaure. Taurin bel ana auna shi da ɗan geji na musamman, ba da yatsa ba, kuma kamfanin ya sha sauya adadin, saboda haka ka nemi na shekarar naka. Wanda ya yi tauri da yawa yana cin boris, yana kuma kawo karkarwa a gudun babbar hanya.

Ka cire murfin sifaket na gaba ka haska tocila. In ka ga jan gari mai kama da tsatsa a kewayen notinsa, haƙoran cikin da ke riƙe shi a kan sandar giya ne ke cin juna. Matsalar ta kai ga a 2022 kamfanin ya kira RT da F3 (wani samfurin Spyder) na 2015 zuwa 2019 don a canja shi. In na hannu ka saya, ka bincika da lambar firam ko an yi wa naka. In haƙoran suka ƙare, injin zai yi ta kuka babur bai motsa ba, kuma ba ya zaɓar wurin da zai yi haka.

Birki ba shi da dogon bayani. Feda ɗaya ce ta ƙafar dama ke kama tayoyin uku. Canja takalman birki aiki ne da za ka iya. Man birki DOT 4 ne, ana sabunta shi duk shekara biyu, amma fitar da tsohon mai daga cikin na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, sai da kwamfutar dila da ake kira BUDS. Kada ka bari iska ta shiga layin, in ta shiga ba za ka iya korar ta duka a gida ba.

Mataki na huɗu: binciken ƙafa da awo

Yanzu aka zo ƙafa. Kowace tayar gaba hannaye biyu ne ke riƙe da ita, sama da ƙasa, da shokazoba mai sifirin, sannan sandar sitabalaiza ta haɗa dama da hagu. Ka ɗaga gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, boljoyin ne ko boris. Ka kama ta dama da hagu ka sake. In akwai wasa a nan, tayarod ne. Ka duba jikin shokazoba ko mai ya jiƙa shi. Ka kama 'yan sandunan da ke haɗa sitabalaiza da hannun taya ka motsa su. Na asali na roba ne, kuma in sun tsufa suna wasa. Duk abin da ka samu a nan, shi za ka fara canjawa, domin sabon kaya a kan tsohon boljoyin kuɗi ne aka zuba a rijiya.

Sai awon da zai zama madogararka. Ka manna ɗan tef a wuri guda a jikin firam, kusa da kowace tayar gaba. Ka ɗaga har tayoyin su kusa barin ƙasa, ka auna daga ƙasa zuwa alamar. Ka sauke, ka tura babur gaba da baya kamar taku uku, saboda in an sauke shi tayoyin kan maƙale a buɗe ba su koma mazauninsu ba. Ka hau da kayan da ka saba ɗauka, wani ya auna maka. Bambancin awon biyu shi ne yawan nutsewarsa. Gaban wannan samfurin yana da tafiyar milimita 174 daga sama zuwa ƙasa, baya 152, kuma abin da masu saita ƙafa ke nema shi ne nauyinka ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku. In ya kusa cin rabi, sifirin ya yi maka laushi. Ka rubuta lambobin, dama daban hagu daban.

Ka kuma zaɓi hanya guda da ka sani, mai kwana biyu ko uku da ɗan gargada, wadda za ka riƙa gwaji a kanta bayan kowane canji.

Mataki na biyar: sitabalaiza

In ka tambaye ni inda kuɗi ya fi yin aiki a RT, nan ne. Sandar ba ta yin komai in tayoyin biyu suka hau tudu tare. Sai jiki ya karkata, ɗaya ta nutse ɗaya ta saki, sannan take murɗewa ta yi gardama. Ta asali siririya ce, an yi ta don taushi. Mai kauri tana rage karkata a kwana, tana kuma rage yadda iskar tirela ke ture ka in za ka wuce ta. Wadda ta fi suna a wurin masu Spyder ita ce ta BajaRon, kuma ana samun ta da 'yan sandunan haɗi na ƙarfe a madadin na roba. Ka tabbatar ta shekarar babur ɗinka ce, domin na kafin 2013 siffarsu daban.

Wahalar aikin ba a notuka take ba, a tsayi take. Sandar tana cikin wani kwararo a ƙasan firam, kuma sai an jawo ta gefe an juyo ta ƙasa take fita, saboda haka gaban sai ya tashi fiye da rabin mita. In ba ka da abin da zai riƙe shi lafiya a wannan tsayin, ka nemi gareji mai rami ko mai injin ɗaga mota, ka biya a ba ka awa ɗaya. Tayoyin gaba su kasance a tsayi ɗaya, in ba haka ba sandar na murɗe kuma notukan ba za su fita ba.

Ka cire robobin ƙasa. Ka kwance 'yan sandunan haɗi daga bakin sitabalaiza da kuma hannun taya. Ka kwance notukan da ke riƙe da bushin biyu, ka zare tsohuwar. Kafin ka ajiye ta, ka kwantar da ita kusa da sabuwar ka ga fuskar da hannayenta ke kallo, domin ana iya sa ta a juye. Ka shigar da sabuwar da bushin ɗinta, ka daidaita ta a tsakiya da tef, ka kama duk notukan da hannu kafin ka ɗaure ko ɗaya. In sandunan haɗin sun zo da 'yan zobban tazara, kowanne da gurbinsa, ka bi zanen da ke cikin kwalin. Bayan ka ɗaure, ka karya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka ga babu abin da ke gugar wani, musamman tiyon birki da wayar ABS.

Gaskiya guda da masu talla ba sa faɗa: sanda mai kauri tana ɗaure tayoyin biyu da juna, don haka in ɗaya ta faɗa rami za ka ji shi a jiki fiye da dā. A kwalta mai kyau ba za ka damu ba. Mai bin hanya mai ramuka kullum ya san da wannan kafin ya saya. Ka yi mako biyu kana hawa a haka. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, ba su ƙara sayen komai ba.

Mataki na shida: shokazoba

In har yanzu gaban na dukan ƙasa a kan tudun rage gudu, ko yana ci gaba da lilo bayan an wuce gargada kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, ko awon da ka yi ya nuna nutsewa da yawa, to lokacinsu ya yi. Na asali a wannan samfurin ba su da zoben ƙara matse sifirin. Hanya mai araha ita ce zoben saiti da ake ƙara musu ko sifirin mai ƙarfi, amma wannan sai da na'urar matse sifirin ta gaske. Sifirin da ke matse in ya kuɓuce yana karya ƙashi. Hanya mai tsada ita ce cikakkun shokazoba, irin na Elka da ake yi a Kanada ko Wilbers na Jamus. Za su tambaye ka nauyinka, da na wanda kake goyawa, da kayan da kake ɗauka. Ka hau sikeli ka faɗi gaskiya, da hular kwano da takalmi, domin da wannan lambar za su zaɓar maka sifirin.

Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, don ka samu abin kallo in ka rikice. Ka sassauta notukan taya tun tana ƙasa, ka ɗaga, ka tokare, ka cire ta. Ka sa ƙaramin jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan karɓi nauyi, har ka ji notin shokazoba na ƙasa yana juyawa ba tare da matsi ba. Ka zare shi, sannan na sama. Kada ka bar hannun ya faɗi ya rataya a kan tiyon birki. Sabon ka fara rataye shi ta sama, sannan ka ɗaga ko ka sauke ƙaramin jak har ramin ƙasa ya zo daidai. Ba a korar noti da guduma. In ya ƙi shiga, ramukan ne ba su haɗu ba. Maɓallin saiti ya kalli inda hannunka zai kai bayan an mayar da robobi. Ɗaurin ƙarshe kuwa sai nauyin babur na kan ƙafarsa, don kada bushin ya zauna a murɗe. Tsofaffin akwai iskar gas a matse a cikinsu, ba a huda su, ba a jefa su wuta.

Baya ya ɗan fi rikitarwa. Ban da shokazoba, akwai jakar iska da ke taimaka masa ɗaukar nauyi. A ƙaramin samfuri da famfo ake ƙara mata iska ta wani bawul a ƙarƙashin kujera, bisa jadawalin nauyi da ke littafin. A RT-S da Limited kwamfureso ne ke yi da kansa, yana karanta tsayin babur ta wani ɗan siririn hannu da ke haɗe da hannun tayar baya. Kafin ka kwance shokazoban baya ka cire wannan ɗan hannun, in ba haka ba taya na sauka zai karye. In baya na kwana a ƙasa kullum, ko kwamfureso ba ya hutawa, ka fesa ruwan sabulu a kan jakar da mahaɗan tiyo ka nemi kumfa. Sau da yawa ɗigar iska ce kawai, ba shokazoba ba.

Saiti, sannan alaimen

Ka maimaita awon nan na mataki na huɗu. Ka juya zoben sifirin, gaba na sama ba nauyi a kansa, har nutsewar ta zo inda masu shokazoban suka rubuta, dama da hagu daidai wa daida. Zoben tsayi yake gyarawa, ba tauri ba. In ka matse shi har ƙarshe ba ka samu awon ba, sifirin ne bai dace da kai ba, ka mayar a canja.

In naka na da maɓallin saurin dawowa, ka rufe shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga ƙarar da yake yi, ka rubuta, ka mayar inda yake. Daga nan ƙara biyu-biyu ake matsawa, dama da hagu tare, a je hanyar gwaji a dawo. In yana lilo bayan tudu, ka ƙara rufewa. In ya yi tauri a kan gargada mai jere, yana ƙara nutsewa bai samu ya dawo ba, ka buɗe. Ka gwada kai kaɗai, ka kuma gwada da goyo da kaya, tunda don haka aka yi RT.

Alaimen ne na ƙarshe saboda dalili biyu: canjin tsayin gaba yana canja inda tayoyin ke kallo, saitin bel kuma yana gusar da tayar baya, wadda ita ce ake auna na gaba da ita. A Spyder abu ɗaya kawai ake saitawa, wato shigar bakin tayoyin ciki ko fitarsu waje, ta hanyar tayarod. Masu yi da hasken leza sun fi dacewa, kuma a sa nauyin mai babur a kan kujera lokacin awon. Ana iya kwatantawa a gida da zare da tef, amma bayan an taɓa tayarod sai an sa BUDS ta sake nuna wa kwamfuta inda tsakiyar sitiyari yake. In ba a yi ba, sitiyarin lantarki zai riƙa ja gefe, VSS kuma ta riƙa kama birki a inda babu dalili. Wanda ke nesa da mai wannan na'ura ya shirya tafiyar tun kafin ya kwance shokazoba.

Bayan kilomita ɗari na farko, ka sake bin notukan taya, da na shokazoba, da na sitabalaiza da sifanar awo, ka kuma maimaita awon tsayi, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna. In ya sauka fiye da milimita biyu ko uku, ka mayar da shi da zoben, dama da hagu tare.